Kilo Ukun Tsohon Tela

"Kilo uku fa ya ƙara, Anti, cikin kwana biyar!" in ji 'yar tsohon tela, bakinta har kunne. "Baba ya fara murmurewa. Har ɗan gishiri nake ƙara masa a miya don ya ci da yawa."

Antin, wadda unguwa ke kira Mai Sikeli, ma'aikaciyar lafiya ce. Shekara tara tana zaga gidajen tsofaffi masu ciwon zuciya. Ta durƙusa ta danna ƙaurin tsohon da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi cikowa.

"Likita, na ci jarrabawa?" ya tambaya yana haki, jingine da filo uku.

"Baba, ba ƙiba ba ce. Zuciya ta gaji, ruwa ya taru. Yau sai asibiti."

Fara'ar 'yar ta ɗauke. "Wata shida ina roƙon Allah ya yi nauyi. Ashe da hannuna nake cutar da shi?"

"Ba laifinki ba ne, ƙanwata. Mahaifiyarki na yi wa bayanin haɗarin gishiri da taruwar ruwa, Allah ya jiƙanta. Ke kuwa awon nauyi kawai na koya miki."

Da mota ta zo, takalmansa suka ƙi shiga ƙafa, sai 'yar ta rungume su a ƙirji ta bi shi.

Mai Sikeli ta goge idonta da gefen mayafi, ta saɓa jakarta, ta nufi gida na gaba. A can ma jika ce ke yin awo, ita ma ba a yi mata bayani ba tukuna.