Likitan da Ya Karɓi Katin Sannu-Sannu

Sannu-Sannu ake ce masa a masana'antar kwali, don tun da ya fara jan bas ɗin ma'aikata ko kaza bai taɓa razanawa ba. Mai keke kan wuce shi, har ya waigo ya yi masa barka da hutawa. Kunnensa kuwa ya fi na kanikawa, inji ya yi tari sau ɗaya ya san inda ke masa ciwo. Amma da ƙirjinsa ya fara nasa tarin, sai ya riƙa ƙara wa rediyo murya.

Ranar da numfashi ya gagare shi a matakalar gidan haya, likitan unguwa ya ce wannan sai ƙwararren likitan zuciya. Inshora yana da ita ta wurin aiki, katin na cikin leda ɗaya da lasisi. Ya shiga zagaye. Asibitin farko suka juya katin kamar an miƙa musu kifin jiya, suka ce ba sa hulɗa da wannan kamfani. Na biyu suna hulɗa, amma likitan ya bar aiki. Na uku aka ce katinsa daga wuya zuwa sama yake aiki: ido, kunne, haƙori.

"To 'yata," ya ce da mai karɓar baƙi, "ku cire min haƙori mana, kada in koma hannu Rabbana."

Ko murmushi ba ta yi ba.

'Yarsa ce ta yi ta buga waya har ta samo likitan da ke karɓa. Da suka isa shi da matarsa, ya ja ya tsaya, don ya san ƙofar. Likitan nan shi ne mai duba direbobin masana'anta duk shekara, ya faɗi wanda zai ci gaba da tuƙi. Inshorar kuma da aikin take tafe.

"Baban yara, shiga mana."

"In na shiga, mota ta tafi. In mota ta tafi, kati ya bi ta."

"In ba ka shiga ba fa?"

"Sai in ƙara rage gudu."

"Ka rage ka koma ina, tsayuwa? Bayin Allahn da ke gyangyaɗi a bayanka kullum, ka yi shawara da su?"

Ya daɗe yana kallon takalmansa, sannan ya shiga.

Likita ya saurari ƙirjin, ya ce tiyata za a yi, amma layin na da tsawo, tuƙi kuma ya ƙare daga yau. Masana'anta ta yi masa kara, ta bar masa katin zuwa ƙarshen wata. Ranar tiyatar kuwa tana can gaba da nisa.

'Yar ta roƙi asibiti a matso da ranar. Aka ce in gurbin wani ya faɗi za a kira su.

"Wato in wani ya riga ni tafiya," in ji shi.

Yanzu yana wuni a bakin taga, waya a cinya. Duk sanda ta yi ƙara sai ya zabura da murna, sannan ya sunkuyar da kai yana istigfari.