Turarena da Gwajin Kunne

Zamanin soja ne, kuɗin mai ya shigo, ko'ina a Sakkwato ana haƙa ana zuba kwalta. Ni kuma ban daɗe da dawowa daga kwas ba, aka ba ni ɗaki a asibitin yara. Aikina gwada kunnen ƙanana, don a gano kurma da wuri a fara koya masa tun bai girma ba. Kayan aikin ba yawa, kacau-kacau ne da cokali da kofin tangaran. Uwa ta ɗora yaro a cinya, ni in lallaɓa ta baya in kaɗa. In ya waiwayo, yana ji.

Ina ji da kaina a lokacin, ba zan ɓoye ba. Ga son turare kamar me. Akwai wani mai ƙarfi da alhazai ke kawowa, in na shafa sai kowa ya san na wuce.

Wata Talata wata matashiya daga Runjin Sambo ta kawo 'yarta, shekara uku ba ta ce uffan ba. Na tambaye ta ko yarinyar tana amsa sunanta. Ta sunkuyar da kai. 'Yar fari ce, kunya ba ta barin ta ta kama sunan, balle ta zauna ba da labarinta. Ban matsa ba, na zagaya baya na kaɗa kacau-kacau. Yarinyar ta waiwayo. Na koma hagu da cokali da kofi, ta sake waiwayowa. A karo na uku hannu kawai na ɗaga, ban kai ga kaɗawa ba, sai ta juyo a hankali ta kafa mini ido, ba murmushi ba kuka. Na yi maza na rubuta "tana ji" a takarda, na miƙa wa uwar, na sallame su, don wallahi so nake su fita.

Bayan wata bakwai zagayen gidaje ya kai ni unguwarsu. Gidan tsit, ya turnuƙe da hayaƙin magani. Kakar yarinyar ta tarbe ni a tsakar gida.

"Malama, ke kin ka ce tana ji," in ji ta. "To tana ji, amma ba mu take saurare ba. Jibi za a tahi da ita ƙauye, bayan Dundaye, wajen mai magani. Can za ta zamna har su sake ta."

Iskoki take nufi. Na san in an tafi da ita, ba mai koya mata komai har abada.

Yarinyar na zaune ita kaɗai jikin katanga, ta ba mu baya, tafin hannunta a kan bango. Can sai ta yi wata 'yar dariya mara daɗin ji, ita da bangon. Kakar ta kama salati. Sai da aka ɗan jima muka ji rugugin katafila tana tahowa daga bakin titi, bangon yana ɗan girgiza. Na tako zuwa wajenta a hankali, ba takalmi. Saura taku uku ta ɗaga kai, na ga hancinta yana motsi, sannan ta juyo.

Na roƙi ruwa da sabulu, na shiga bayan gida na dirje wuyana da hannuwana, na ari zane da kallabi wajen uwar. Na dawo ta inda iska ba ta kai mata, na ɗauki faranti da ludayin ƙarfe na buga dab da ƙeyarta. Kaji suka watse. Ita ko gezau, tana ta wasa da ƙasa.

"Ba ta ji," na ce. "Tun farko ba ta ji. Ƙanshin turarena take bi, kuskurena ne."

Uwar, wadda ban taɓa jin muryarta sosai ba, ta ce, "Malama, tun da kin ka ba mu takardag ga nike bugunta. Cewa nike raini na." Ta tsuguna ta ɗauki 'yar a gaban surukarta, ta manta da kunya, ta rungume ta tana kiran sunanta a cikin gashin kanta.

Ba a je ƙauye ba. Muka yi da su zan riƙa zuwa duk Alhamis, mu fara da nuni da hannu da kallon baki. Kwalbar turaren na bayar da ita a daren sunan wata maƙwabciya, ban sake saya ba.

Alhamis ta farko na shiga da sallama, na tsuguna a gabanta ina murmushi. Ta matso ta sansana gyalena, ta sansana hannuna. Sannan ta ja da baya ta ɓoye a bayan uwarta, don ba ta san ni ba.