Ƙusar da Aka Dasa wa Baba Sajawal

A layinmu na tsohon garin Lahore, Baba Sajawal ne ke gyaran harmoniya, akwatin kiɗan nan mai zuga-zugi. Gadon mahaifinsa ne. Zai danna madanni ɗaya, ya karkata kai, ya ɗauki magagari ya ɗan goga harshen tagullar da ke ciki har sautin ya zauna daidai.

Tun yana yaro kunnuwansa ke zubar da ruwa. Da ya manyanta aka yi masa aiki, ciwon ya lafa, amma ji ya tafi. Na'urar da ake cusawa a kunne kuwa, duk sanda ya sa ta sai mugunya ta dawo. Matarsa Rehmat Bibi ce ta kai shi wani babban asibiti, inda likita ya ce za a dasa masa 'yar ƙusa a ƙashin bayan kunne, a maƙala mata na'ura, sauti ya riƙa bi ta ƙashi. Sharaɗin shi ne sai ƙashin ya kama ƙusar tukuna.

Wata ma'aikaciya mai suna Mahwish ce ke auna kamun. Takan ɗaura wani ɗan tsinke a kan ƙusar, ta kawo sandar awo kusa da shi, tsinken ya yi rawa, lamba ta fito. In lambar ta hau, ƙashi ya kama. Aikin ya burge Baba Sajawal, ya ce mata ashe sana'arsu ɗaya, shi yana saita tagulla, ita tana saita ƙoƙon kan tsofaffi.

Lambar ba ta hau ba. Yana da ciwon suga, ƙashinsa ya yi laushi. Kowane zuwa sai ta ɗan ƙara sauka.

"'Yata, ki maƙala min ita ko na yini ɗaya ne," ya roƙe ta.

Sai da ta matso bakinta kusa da kunnensa sannan ta ce, "Baba, in na maƙala yanzu ƙusar za ta tuge."

A maimakon haka ta ara masa na'urar gwaji mai ɗauri kamar rawani, wadda ke matse ƙashi ta kan fata. Ya koma shago da murna, ya jawo harmoniyar da ya gama gyarawa, ya danna. Yanzu da yake ji, sai ya ji sautin a karkace yake. Ya jawo ta biyu, ita ma haka. Ya tambayi Rehmat Bibi tun yaushe gyaransa yake fita a karkace haka, ta sunkuyar da kai ta ce an daɗe. Masu kawo gyara kunyarsa suke ji, sukan karɓa su yi godiya, su wuce wani shagon a sake musu.

Washegari ya mayar da na'urar da kansa.

Ƙusar ta fita ne wata safiya yana shafar kai a alwala, ta faɗa cikin kwata. Likita ya ce za a iya sake gwadawa in suga ya daidaita. Baba Sajawal ya ce a bar shi haka.

Har ya rasu yana buɗe shagon, amma facin zuga-zugi kawai yake yi. In aka kawo masa saitin sauti, sai ya nuna shagon ƙarshen layi da hannu, ya ci gaba da shafa gam.