Sistar Ɗakin Wutar Lantarki Ta Riga Mu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga wata, na kai uwar yara asibiti awon jini, sai mai gadi ya ja ni gefe ya ce Sista ta rasu tun Litinin, bayan jinyar kwana huɗu. Har an kai ki makwanci, Sista, babu wanda ya ga ya dace a gaya wa tsohon mai walda irina. Wannan ma na riƙe shi.

Sista 'yata, ni ban yi boko ba, amma shekara arba'in ina aiki da wuta, na san abin da take yi wa ƙarfe. Shi ya sa da likita ya ce ƙwayoyi sun gaza, sai dai a sa wa matata wutar lantarki a kai, na ce sai bayan raina. Lokacin wata biyar ke nan ciwon damuwa ya kwantar da ita. Ba ta ci, ba ta magana, ko jikarta aka ɗora mata a cinya sai ta kalli bango. 'Ya'yana suka ce taurin kaina zai kashe musu uwa. Likita kuwa yana yi min bayani yana kallon takarda.

Ke ce kika zauna da ni a bencin baranda. Kika shigar da ni ɗakin, kika nuna min na'urar, ƙarama, ba ta kai rabin injina ba. Kika ce za a yi mata allurar barci, ba za ta ji komai ba, wutar kuma ta 'yan daƙiƙu ce. Sati uku ina ja, ba ki taɓa ɗaga min murya ba, har na dangwala yatsa a takardar amincewa.

Ranar farko na zo da takalmin roba da busasshen katako, don kada wuta ta bi ƙafarta zuwa ƙasa. Sauran ma'aikata suka ƙunshe dariya. Ke kika karɓa da hannu biyu, kika ce, "Baba, katakon ba zai hau gado ba, amma takalmin Mama za ta sa." Kika sa mata da kanki, kika riƙe mata hannu har barci ya ɗauke ta.

A zuwa na shida, muna hanyar gida, ta dube ni ta ce, "Malam, rigar nan taka ta yi datti." Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Amma ta manta wasu abubuwa na watannin nan, har da auren autarmu. Na zo na tsaya a ƙofar ɗakinki na ce kun cinye mata tunani. Kika ce, "Na gaya maka hakan na iya faruwa, Baba, wani zai dawo, wani ba lallai ba." Na juya ban yi sallama ba. Shekara biyu muna zuwa wata-wata, ina gaishe ki da ka kawai. Ban ce na gode ba. Ina cewa akwai lokaci.

Talata mai zuwa ne ranarta, kuma ba ta taɓa yarda ta hau gadon nan ba sai kina tsaye. Kwana uku na ɓoye mata, ina tsoron ta koma kallon bango. Jiya na faɗa mata. Ta yi kuka mai yawa, sannan ta ce, "To wa zai riƙe ni?" Yau da safe na je na tare likita, na ce ba zan tashi daga ofishinsa ba sai ya bar ni na shiga har ta yi barci. Ya dube ni a ido, karon farko, ya ce to. Hannuna da kaushi, ba kamar naki ba, amma ta ce za ta je.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, ni ma Ya sa kin yafe min. Mijinki da 'ya'yanki da mahaifiyarki, ban san ku ba, amma Allah Ya ba ku haƙuri. Mu ma nan gidan an yi mana rashi.