Ni Na Zaɓi Na'urar Tayar, Shi Ya Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan shafi. Lokacin da abin nan ya faru shekaruna ashirin da ɗaya, ban cika shekara biyu da aure ba, kuma in faɗi gaskiya ina ji da kaina. Na gama sakandare a garinmu da sakamako mai kyau, har maƙwabta na kirana in karanta musu takardar magani. Maigidana direba ne, ya daɗe yana jan babbar mota tsakanin Kano da Maraɗi kafin ya samu aiki a Riyad, gidan wani Balarabe a unguwar Shumaisi, shi ne kafilinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa ya shigo Saudiyya. Da mahaifiyar kafilin nasa ta tsufa ana neman mai kula da ita, sai ya roƙa aka yi mini biza na zo. Igamarsa da tawa, wato takardar izinin zama, duk a hannun mutum ɗaya suke, ranar da ya ga dama ya ce mu tattara, to mun tattara. Ku riƙe wannan a ranku.

Mutanen nan in sanyi ya shigo ba sa zaman gida ranar hutu, sahara suke fita su kwana biyu suna gasa nama. Kafilinmu yana da karafan, wato ɗaki guda a kan tayoyi huɗu, da gado da kicin da banɗaki a ciki, ana ɗaura shi a bayan a-kori-kura mai ƙofa huɗu. Maigidana ke jan sa. Yana da wata ɗabi'a da ya taho da ita daga hanyar Maraɗi: duk inda aka tsaya sai ya zagaya tayoyin nan takwas ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora tafin hannunsa ya ji ɗuminsu, ya ƙwanƙwasa da wani guntun ƙarfe ya kasa kunne. Ni abin kunya yake ba ni. Yaran gidan su leƙo ta taga suna dariya, ni kuma in mun keɓe in ce masa don Allah ya daina shafa taya kamar mai taya akuya a kasuwar ƙauye, nan fa Riyad ce. Sai ya yi murmushi ya ce to 'yar boko, ya ji.

Wata rana tayar karafan ɗin wani abokin kafilin ta fashe a hanya, labarin ya tayar masa da hankali. Ya ba maigidana katin banki, ya ce ya je Sana'iyya, unguwar masu kayan mota, ya sayo na'urar nan da ke nuna wa direba yawan iskar kowace taya da zafinta yana cikin tafiya. Bai ƙayyade masa farashi ba, ya ce dai ya zaɓo mai kyau. To shi maigidana Larabci yake karantawa, na allo, kwalayen kuwa duk Turanci ne. Da Mama, haka muke kiran tsohuwar, ta kwanta barcin rana, sai ya ce in sa abaya mu je in duba masa, mu dawo kafin ta farka. Ba wanda ya san mun fita tare. Ni kuwa har wani daɗi na ji, yau ga ranar karatuna.

Mai shagon mutumin Indiya ne, Turancinsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ya jera mana iri uku. Wata sai an kwance taya an saka mata ma'aunin a ciki, sauran biyun kuma wasu 'yan murafu ne da ake ɗaurawa a bakin da ake hura iska, su riƙa aika saƙo zuwa wani ɗan allo a gaban direba. Ya tambayi tsawon karafan ɗin, maigidana ya auna masa da taku a tsakar shagon. Nan take mutumin ya ɗauko wani ɗan baƙin akwati mai waya biyu ya ajiye kusa da na'urar, ya shiga bayani yana nuna baya yana nuna gaba. Wallahi cikin kalma biyar ɗaya nake kamawa. Maigidana ya juyo ya tambaye ni me yake cewa, ga mutane biyu a bayanmu suna jira, ga shi yana kallona da yarda. Bakina ya ƙi furta ban gane ba. Sai na ce masa halin 'yan kasuwa ne, so yake ya liƙa mana tarkace. Na nuna wadda allonta ke da launi mai kyau na ce ita. Sau uku mutumin nan yana tura mini akwatin, sau uku ina turo masa, har ya ɗaga kafaɗa ya mayar da shi kanta. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne ba ma tsimin kuɗi nake yi ba, ba nawa ba ne. Tsabar kada a ce ban iya ba ne.

A gida na buɗe ɗan littafin bayanin, rubutun ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Na karanta shafin farko, na kalli hotuna, na rufe. Muka ɗaura murafun takwas motar na tsaye a harabar gida, lambobi takwas suka fito a allon tsaf, huɗu na sama na a-kori-kura, huɗu na ƙasa na karafan. Kafili ya zo ya gani ya ce ma sha Allah, ya dafa kafaɗar maigidana. Ni ina bayan labule kaina kamar ya taɓa silin.

Ranar tafiyar da hantsi muka tashi. Kafili da matarsa da yara suka yi gaba a tasu motar, mu kuma muna baya da karafan, maigidana na tuƙi, ni da Mama a kujerar baya. Na cire allon daga gabansa na riƙe a hannuna, na ce shi ya ji da hanya, karatun lamba aikina ne. Muna wuce Dir'iyya na'urar ta fara ƙara, lambobin ƙasa huɗun suka fara ƙiftawa. Mama ta yamutsa fuska, sai na danna wani maɓalli ƙarar ta ɗauke. Da rana ta ɗaga, na ga lambobin a-kori-kura suna hawa kaɗan-kaɗan, na karafan kuwa suna nan yadda suke tun harabar gida, ko gezau. Ku ji wautar da na yi: har yaba musu na yi. Na ce masa tayoyin gaban ne masu rigima, na baya kam ba ruwansu, lafiyarsu ƙalau.

Mun yi nisa, babu komai sai yashi hagu da dama, sai ya ce yana jin motar tana ɗan fizgarsa ta dama, zai tsaya ya duba. Mama ta ji ya rage gudu ta fara faɗa da Larabci, ita so take ta isa kafin azahar ta ci abinci ta sha magani, yalla yalla, wato a yi sauri. Ya dube ni ta madubi ya ce in karanto masa na baya. Na karanto. Ya ce ba haka na faɗa masa ɗazu ba? Na ce haka ne, ai shi ya sa na ce lafiya lau. Can ya sake cewa shi fa hannunsa na gaya masa wani abu. A nan ne na faɗi maganar da zan so a ce harshena ya karye kafin ta fito. Na ce masa in hannunsa ya fi na'ura sani, me ya sa muka wahalar da kanmu zuwa Sana'iyya, ko so yake tsohuwa ta kai ƙararmu wajen ɗanta. Bai tsaya ba.

Ban san minti nawa aka ƙara ba. Na dai ji ƙara kamar an harba bindiga a bayan kunnena, sai karafan ya fara lilo, yana jan bayan motarmu dama da hagu kamar ƙaton da ya kama yaro ta riga. Ina jin maigidana yana ta salati, bai taka birki da ƙarfi ba, yana ta kokawa da sitiyari. Na ga sama, na ga yashi, na ga gefen karafan ɗin ya cika tagar da nake. Sannan ƙarfen da ya haɗa su ya tsinke, karafan ya kife can gefen hanya, mu kuma muka juya muka nutse a yashi muna kallon inda muka fito. Tukwane da barguna da buhun gawayi duk a watse. Mama ta bugu da ƙofa, wuyan hannunta na dama ya karye, tana ta kiran sunan Allah da wata siririyar murya da har yau nake ji. Da na dubi cinyata, allon na nan a kunne. Tayar da ta yi filla-filla a kan kwalta, lambarta na nan tana ƙifta mini, wai iskarta daidai.

Kafili ya juyo ya same mu. Aka kai Mama asibiti aka ɗaure hannun. Mai facin da ya duba ragowar tayar ya ciro ƙusa, ya ce tun cikin gari take sacewa a hankali, ta yi ta zafi har ta fashe, kuma duk wanda ya taɓa ta da hannu awa ɗaya kafin nan da ya sani. Ya tambayi ina ɗan akwatin da ke ƙarfafa saƙo, don karafan mai wannan tsawo in ana gudu saƙon tayoyin baya ba ya isowa gaba sai da shi. Ashe ƙiftawar nan na'urar cewa take yi ta daina jin ɗuriyarsu, tsohuwar lamba kawai take nuna mini. Kafili ya tambayi wa ya zaɓo ta. Ina tsaye a wurin maigidana ya ce shi ne, kuma shi ne bai tsaya ya duba ba. Kafili bai ɗaga murya ba, ya ce da zarar an kwance wa mahaifiyarsa hannu zai yi masa hurujin niha'i, wato fita ba dawowa.

Makonnin da suka biyo baya haushi ne ya fi tsoro yawa a raina, kuma kowa na ji haushinsa. Na ji haushin mai shagon da bai nemo wanda zai yi wa maigidana bayani da Larabci ba. Na ji haushin waɗanda suka ƙera na'urar, don me za a bar lamba a allo alhali ba a san gaskiyarta ba, a goge ta mana, a bar wurin fayau. Na ɗauko littafin na bi shi kalma-kalma da ƙamus ɗin waya, sai ga maganar a shafi na tara, har da hoton ɗan akwatin. Na yi jifa da shi. Shi kansa maigidana haushinsa nake ji, don ko sau ɗaya bai ce mini kin gani ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Na ce zan faɗi gaskiya, ya ce kul, in aka ji ya fita da ni na bar tsohuwa ita kaɗai, mu biyun za a kora, gara shi ya tafi ni in riƙe aikin. Ya ce kuma ai shi ne direba, hannunsa ya faɗa masa gaskiya ya ƙi ji, wannan ba laifin boko ba ne.

Ni nake ba Mama abinci a baki tunda hannun dama ne. Wata rana da la'asar ina ba ta shinkafa, hankalina ya tafi wani wuri har na zubar mata a riga. Ta ce binti, wato 'yata, me ke damuna. Sai kawai na fashe, da guntun Larabcina da nuni da hannu na gaya mata komai, har fitar da muka yi tana barci. Sannan ta ce ita ma ta ga lambobin na ƙiftawa ta ɗauka ado ne, kuma da kunnenta ta ji ya rage gudu, ita ce ta ce yalla. Ta ce mutum uku a mota, ɗaya ne kawai ya nemi a tsaya, shi ne kuma za a kora? Ta sa na miƙo mata waya, ta kira ɗanta. Ban fahimci rabin abin da ta faɗa masa ba, amma na ji yadda take faɗarsa.

Ba a kore mu ba. Kafili ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata, kuma aka kafa mini doka ko ƙofar gida ba na leƙawa sai da izini. Mama kuwa ta laƙaba mini suna muhandisa, wato injiniya, ko baƙi ta yi sai ta ce muhandisa kawo shayi, su yi ta dariya ina haɗiye haushi. Da aka gyara karafan, maigidana ya koma shagon shi kaɗai, ya nemo wani ɗan Sudan ya tsaya tsakaninsu, aka yi masa bayani dalla-dalla, ya sayo ɗan baƙin akwatin da na ture sau uku.

Na rubuto ne don 'yan'uwana da ake miƙo wa kwali a ce karanta mana, ke da kika yi makaranta. In ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba, ko da layin mutum goma ne a bayanki. Masu jan karafan ko tirela kuma, in za ku sayi irin wannan na'ura ku faɗi tsawon abin da kuke ja da yawan tayoyinsa, ku tambayi yadda take nunawa in saƙo ya yanke, ku gwada ta kuna tafiya ba a tsaye ba. Taya in tana gudu dole lambarta ta motsa, wadda ta tsaya cak ita ce abar tsoro. Kuma kada na'ura ta sa ku raina wanda ya daɗe yana aikin da hannunsa.

Har yanzu in babbar mota ta wuce mu sai na riƙe kujera. Duk inda muka tsaya kuwa, in ya sauka da guntun ƙarfensa, nakan sauka in bi bayansa, in ɗora tafina inda ya ɗauke nasa. Ranar farko ya waiwayo ya tambaye ni ko 'yar boko ta zo sayen akuya ne. Na ce masa ya yi shiru ya nuna mini yadda ake gane wadda ta yi zafi.