Baba Yohanna da Butarsa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Yohanna, kuma sai bana na iya tuna shi ba tare da kunya ta kama ni ba.

Dattijon coci ne, ya yi aikin masana'anta a Kudenda, nan Kaduna, har ya yi ritaya. Amma mahaifiyarsa Musulma ce, a hannunta ya tashi. Har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba sai ya ɗauki buta ya wanke hannu da fuska da ƙafa, ya zauna a tabarma. A gidan hayarmu na unguwar Romi, inda kowa ke leƙen kowa, wannan ya isa abin tsegumi. Masu cewa ƙafarsa ɗaya ce a coci sun fi a ƙirga. Ni kuwa, uwar son a yaba, da na ji 'yan zumuntar mata za su zo sai in cusa butar bayan buhun masara.

Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Baba, wai kai wanne ne a ciki?"

Ya ce, "Ladi, wanda Inna ta koya wa wanke ƙafa shi ne mai ja muku waƙa ran Lahadi. Wanne zan kora? Allahn da ya yi su bai ce in bar ɗaya a ƙofa ba."

Haushi na ji, ban ɓoye ba.

Yau da Kaduna ta zama sai an ji sunanka kafin a ba ka ɗaki, na san da yana raye zai girgiza kai ne kawai. Abin da zai ba shi dariya ni ce. Tun da aka binne shi addu'ata ba ta zama sai na taɓa ruwa, kuma a banɗaki nake yi, ƙofa a kulle, ina zargin kaina da munafunci. A watan jiya na daure na faɗa wa maigidana. Ko ɗagowa daga shayinsa bai yi ba, ya ce ai ya daɗe da sani, yana jira ne in gaji da ɓuya.

Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Baba bai bar fili ba, bai bar mota ba. Ya bar mini sanin cewa mutum zai iya zuwa gaban Allah da duk abin da ya tashi da shi. Da ma na ba shi haƙuri tun yana ji.