Yau an hana ni kallon fim ɗin yara

Jama'a, yau a gidana aka hana ni kallon katun.

Baban yara ne ya turo shi a waya daga Ɓaɓura, ya ce in duba kafin su gani. Ina buɗewa sai ga dodo yana aman wuta, ga mayya tana tashi sama. Ga shi kuwa na riga na yi musu alkawari.

Na kai wa Inna, surukata, ta kalla tsaf.

Na ce, "Inna, dodon nan fa?"

Ta ce, "Ai da dodo muka girma a tatsuniya."

"To mayyar?"

"Ta sha kashi a ƙarshe."

Na ɗauka an gama. Sai ta sa na mayar baya, ta nuna min wata uwa tana ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa, a gaban mutane, har da runguma.

Ta ce, "Yara su kalla. Ke ce ba za ki kalla ba. Dama shekaranjiya na ji bakinki ya suɓuce kan sunan naki ɗan farin."

Yanzu haka tana ɗaki da jikokinta suna ta dariya. Ni ina tsakar gida ina tsintar shinkafa.